Tankin Baba Bitrus

Yaran da ke shigowa garejina a unguwar Sparkbrook ta Birmingham suna da wata magana da ke ɓata mini rai. Sai yaro ya tsaya, hannu ɗaya a aljihu, ɗaya riƙe da waya, ya dubi tankin mai a kan benci ya ce, "Uncle, ai wannan easy ne, na gani a video. Noti ne da tiyo kawai." To ku matso ku ji. Na yi inji, na yi giya, na yi birki, amma duk cikin mota babu abin da nake girmamawa kamar tanki. Inji idan ka yi masa kuskure, tsayawa zai yi a bakin hanya ka kira a jawo ka. Tanki kuwa wuta yake kamawa, kuma mutum yana zaune a gabansa.

Aikin farko da aka ba ni a Panteka ta Kaduna wankin tanki ne. Na je da zumuɗin riƙe bakin walda, maigidana Malam Garba ya miƙo mini bokiti da omo. Mutumin nan ba shi da girar hagu, wurin sumul kamar an goge. Bai taɓa ba mu labarin yadda aka yi ba, mu ma ba mu tambaya ba. A wanke tanki, a zubar, a sake wankewa, a shanya a rana, sannan ya zo ya kafa hanci a bakin ya shaƙa. Idan ya yamutsa fuska, ka koma famfo. Kafin ya kusanto da wuta sai ya sa a jona tiyo daga salansar wata mota a cika tankin da hayaƙi, don ya kori tururin fetur. A wurinsa na koyi cewa tankin da aka zazzage ya fi cikakke haɗari, domin tururin ne ke fashewa. Sai da tafin hannuna ya yi fari fat saboda omo kafin ya bar ni na ɗiga walda ko sau ɗaya.

Da na zo ƙasar nan na samu aiki a wani babban gareji a Birmingham da ke gyaran motocin ɗaukar tsofaffi da naƙasassu. Aiki mai kyau, ga ɗumi lokacin sanyi, ga na'urar ɗaga mota, ba kwanciya a ƙasa. Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Gwamnati ta rage wa council kuɗi, wato ƙaramar hukuma, council ta rage motocin, aka kira mu ofis aka ba mu shayi aka ce mun gode. Na sayi wata tsohuwar farar van, na zuba kayan aikina a ciki, na koma bin mutane gida-gida. Shekarar ta yi muni. Mutum zai kira ka ka duba masa mota, ka gaya masa abin da ya lalace, ya ce, "Za ta iya kaiwa Kirsimeti a haka?" Ba ni da gareji, ba ni da benci, a hawa na uku nake zaune, matata kullum tana faɗan kabureta a cikin baho.

A wannan shekarar wata nas 'yar Zonkwa da nake gyara wa mota ta ba wani dattijo na cocinsu lambata. Ya kira ni daga Manchester.

"Malam Sule? Sunana Bitrus. An ce kai ɗan Panteka ne."

Na ce haka ne, Baba.

"To ina da mota. Wato ba ta zama mota ba tukuna, amma ta kusa. Ka zo ka gani da idonka, a waya ba za ka gane ba."

Na kama hanyar M6 ina tsammanin wata tsohuwar Toyota ce. A bayan Fallowfield, inda gidajen ɗalibai suka ƙare, akwai wani layin ƙananan garejoji na haya, masu ƙofar kwano. Na tarar da dogon dattijo ɗan Pankshin da farin gashi, sanye da rigar aiki shuɗiya wadda aka yi wa guga har da kari. Ya ɗaga ƙofar garejinsa yana kallon fuskata.

Sai da na yi baya na sake dubawa. Wata 'yar mota ce ja, mai kujera biyu, ba rufi, ƙasa-ƙasa har gwiwata ta fi ta tsawo, tayoyin gaba a waje, salansa a gefe tana walƙiya. Irin wadda Turawa ke kira kit car ce, wato ka sayi shasi da gangar jiki daga kamfani, ka samo inji da giya daga tsohuwar mota, ka haɗa da hannunka a gida. Baba Bitrus direban bas ne da ya yi ritaya. Rabin rayuwarsa ya yi yana jigilar ɗalibai a Oxford Road, daga wannan fitila zuwa waccan. Tun kafin ya ajiye aiki yake haɗa wannan abu, yau noti, gobe waya. Na zagaye ta, na leƙa ƙarƙashi, na taɓa wayoyin. Wallahi aikin ya burge ni. Kowace waya an ɗaure ta tsaf, babu wadda ke lilo. Na ji wani daɗi da na daɗe ban ji ba, domin na gaji da canza birkin motocin da masu su ba sa ko wanke su.

"Saura tanki," in ji shi. "Shi kaɗai nake tsoro. Da kuma wancan."

Ya nuna mini sanarwar da aka manna a kan kowace ƙofa a layin. Kamfanin da ke da garejojin ya sayar da filin, za a rushe su a ƙarshen bazara. Ga yadda lamarin yake. Motar da aka haɗa a gida ba ta samun lamba sai ta ci gwajin hukuma, kuma motar da ba ta da lamba ba ta da izinin kwana a bakin titi. Gidan Baba ƙofarsa a kan titi take, ba fili, ba wurin ajiya. Ni ma ba ni da inda zan ɓoye masa ita. Idan ranar rushewa ta zo ba ta da lamba, sai dai masu sayen gwangwan su ɗauke ta.

Muna cikin haka matarsa, Mama Saratu, ta iso da kula. Gwate ne, da zafinsa. Ta gaishe ni, ta tambayi iyali, ta ajiye kular a kan wani kwali nesa da motar.

"Malam Sule, ka gaya masa gaskiya," ta ce. "Ni ba zan bari a shigo mini da inji falo ba. Idan ba ta yi passing ba, na riga na karɓi number ɗin scrap man, mai sayen gwangwan."

Baba ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da goge madubi.

Da muka sauko da tankin daga saman kanta, nan na ga aikin da ke gabana. Tanki ne sabo na alminiyam, mazauninsa a bayan kujeru, sama da aksul na baya. Wuyansa, inda mai ke shiga, yana gefen hagu. Na ɗaga kai na dubi jikin motar. Baba ya riga ya huda ramin murfi, zagayayye, mai kyau, a gefen dama.

"Baba, wa ya huda wannan?"

"Ni ne. Tun kafin tankin ya iso. Na ƙagu in ga murfin a jiki."

"To ai wuyan yana hagu."

Ya daɗe yana kallon ramin, ya kalli wuyan, ya sake kallon ramin. "Ba za a iya zagayo da tiyo ba?"

Wannan ita ce tambayar da ku ma za ku yi, kuma amsarta a'a. Tiyon da ke kai mai daga murfi zuwa tanki gangara yake so, gajere, ba kwana-kwana. Idan ka kwantar da shi ya ratsa faɗin mota, mai zai riƙa kwanciya a ciki, kuma duk ranar da ka je gidan mai zai tofo maka a takalmi. Jikin motar kuwa na faiba ne, ba ƙarfe ba, an riga an yi masa fenti, toshe rami a sake wani zai bar tabo har abada. Saura hanya ɗaya, a yanke wuyan a mayar da shi dama. Sa'ar da muka yi, tankin bai taɓa shan mai ba. Duk da haka sai da na kafa hanci na shaƙa, Baba yana mini dariya.

Na ɗauko tankin zuwa Birmingham. Waldar alminiyam ba irin ta ƙarfe ba ce. Ƙarfe yana yin ja ya gargaɗe ka, alminiyam kuwa yana nan fari abinsa sai kawai ka ga ya zube ya bar maka rami. Wani abokina a Sparkhill da ke haɗa kantocin gidajen abinci ya ara mini na'urarsa ranar Lahadi. Na yanke wuyan, na toshe tsohon wurin da faci, na huda sabo, na zauna na ja layin walda a hankali, ina riƙe numfashi. Da ya huce na toshe duk ƙofofin, na hura masa iska kaɗan da famfon keke, na bi kowane layi da burushi da ruwan sabulu. Idan akwai ƙofa ko ta kai tsinin allura, kumfa za ta tona ta. Babu kumfa. Na sake bi, har abokina ya ce in tashi zai rufe shago.

Ɗora tankin a mota ya ci mana Asabar da yawa. Ba a ɗaure alminiyam kai tsaye a kan ƙarfe, domin mota tana girgiza, ƙarfen zai ci shi a hankali. Sai ka shimfiɗa roba a ƙasa, ka sa maɗauri biyu na ƙarfe su rungume shi, su ma da roba a cikinsu, ka ja noti har ya daina motsi amma kada ka matse shi ya lotsa. Baba ya kawo mini tiyon da ya saya da murna, na duba na ce na lagireto ne. Ruwa yake ɗauka, fetur zai narkar da shi kamar alewa. Muka nemo na mai na gaske, mai rubutu a jiki, na juya rubutun waje yadda mai gwaji zai gani ba sai ya tambaya ba. Kowane baki na sa masa kilif biyu. Na ja wata 'yar waya daga wuyan ƙarfen murfin zuwa shasi, saboda mai idan yana gudu cikin tiyo yana tara wuta irin wadda rigar sanyi ke yi idan ka cire ta, kuma tartsatsi ɗaya ya isa.

Mun yi faɗa a kan murfi. Baba ya sayo wani mai ƙyalli irin na motocin tsere, mai kunne a tsaye. Na ce masu gwaji ba sa yarda da duk abin da ke da kaifi a jikin mota, wannan kunnen kaɗai zai kayar da mu. Ya ce ai shi ne kyan motar. Na ce to ya zaɓa, kyau ko lamba. Ya yi fushi ya fita, ya zagaya layin, ya dawo da shayi kofi biyu. Muka sa mai santsi, mai makulli. Da lokacin azahar ya yi, shi ne ya shimfiɗa mini kwali mai tsabta ya kashe rediyo, kamar kullum.

Abu na ƙarshe shi ne hancin tanki, kuma ku riƙe wannan. Tanki yana numfashi. Mai yana fita, iska tana shiga, idan kuma ya ji zafi man yana kumbura, iskar da ke samansa tana neman hanya. Don haka akwai ɗan siririn tiyo da ke fita daga saman tanki, ya hau sama, ya bi ta wani ɗan bawul da ke rufewa idan mota ta kife, sannan ya sauko ya leƙa ƙasa, nesa da salansa. Na gama, muka zuba mai kaɗan daga koriyar jarka, Baba ya murza makulli. Injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Ƙarar ta cika layin nan har tsofaffin da ke sauran garejojin suka fito. Baba yana ta taka totur yana dariya, ni ina kwance a ƙasa da tocila ina neman ɗigo, ina dariyar ni ma.

Wurin gwaji na kusa da Manchester ya cika har bayan ranar rushewa. Wanda muka samu a Birmingham ne, kuma idan muka faɗi babu sauran lokacin sake wani. Doka ta yarda mutum ya tuƙa motar zuwa gwaji ya dawo, don haka Baba ya ce da kansa zai kawo ta. Muka yi alkawari mu haɗu a can. Cikin sharuɗɗan akwai cewa a zo da tanki cike, saboda za a auna nauyin motar. Na ce masa ya tsaya a gidan mai na ƙarshe kafin ya iso ya cika.

Ranar ta zo da rana mai zafi, irin wadda Turawa ke cire riga. Ina tsaye a filin ajiye motoci na ji ƙarar tun daga nesa. Ya shigo da kwat ɗin coci da taye, da tabarau irin na masu babur, farin gashin nan ya miƙe tsaye. Ya kashe inji ya kasa daina murmushi.

"Malam Sule, ka san lorry drivers suna mini horn? Wata yarinya ta ɗauke ni hoto a services, inda na tsaya hutawa a hanya. Kai, motar nan tana ji. Ka taɓa kaɗan ta tashi."

Mun iso da wuri, akwai mota ɗaya a gabanmu. Muka zauna a inuwa yana ba ni labarin hanya. Can sai hancina ya ɗauko wani abu. Na miƙe na zagaya bayan motar. A ƙasa, kusa da tayar dama, ga wani ɗan jiƙo kamar faɗin tafin hannu. Ina kallo wani ɗigo ya sake faɗowa.

Na dubi inda ɗigon ke faɗowa. Dama ne, gefen da na yi walda. Motar da ke ɗigar mai ba a ma fara gwada ta, korar ta ake yi. Na cire riga na kwanta a kan kwaltar nan mai zafi na shige ƙarƙashi. Baba ya durƙusa da kwat ɗinsa.

"Waldar ce?" ya tambaya a hankali.

Na kunna tocila. Na bi layin waldar da yatsa, a bushe. Na bi facin, a bushe. Na taɓa kilif-kilif ɗin, na taɓa inda gejin mai ya shiga, duk a bushe. Na bi jiƙon da tocila daga ƙasa zuwa sama, sai ga shi yana fitowa daga bakin ɗan siririn tiyon nan, hancin tanki. Hanyar iska ce, babu abin da zai kai mai can sai idan babu iskar. Na fito, na karɓi makulli, na buɗe murfin. Fetur ya kawo har leɓe, yana rawa, kana iya tsoma yatsa.

"Baba, yaya kuka cika tankin nan?"

"Full tank suka ce. Na cika."

"Da famfon ya yi ƙas ya tsaya, me kuka yi?"

"Ai wannan ba cika ba ne, Malam Sule, kai ma ka sani." Ya dafa ƙarfen bayan kujera da hannu biyu ya fara jijjiga motar, hagu, dama, don ya nuna mini. "Na yi mata haka, ya sauka, na ƙara. Na sake yi, na ƙara. Har na ɗaga gefe ɗaya da gwiwa, ai ba ta da nauyi."

Na riƙe hannunsa ya daina. Haushi ya kama ni, dariya kuma tana neman ƙwace mini. Duk wanda ya taɓa kwana a layin mai a Jos ko Kaduna ya san wannan jijjigar. Ka sha wahala kafin ka kai bakin famfo, ba ka san ranar da za ka sake samu ba, to sai ka kira mutanen layi su taya ka girgiza mota har iskar ciki ta fita, mai ya hau wuya ka gan shi da idonka. Shekarun da Baba ya yi a nan, a gareji ake cika masa bas, motar gida kuma Mama ce ke tuƙawa. Hannunsa bai manta da na gida ba. Ya kori duk iskar da na bar wa tanki, man ya fito da sanyinsa daga ƙarƙashin ƙasa, ya zauna a rana, ya kumbura, ya bi hanya ɗaya da ta rage masa.

Motar gabanmu ta riga ta shiga. Muka tura tamu da hannu zuwa bakin titi inda van ɗina take. Baba ya ga tiyo a cikin kayana ya wawura zai kai baki ya tsotsa.

"Baba, ku ajiye. Za ku shiga gaban Bature kuna warin fetur a baki?"

Na ɗauko ɗan famfon hannu na zuƙe man zuwa jarka har wuyan ya koma fanko, tankin ya tsaya inda ya kamata tun farko. Na cire siririn tiyon na hure shi, na mayar. Baba ya cire kwat ya naɗe hannun riga, muka wanke ƙarƙashin da ruwan sabulu muka goge da tsumma, na koma filin na zuba yashi a kan jiƙon na kwashe. Muna mayar da motar ana kiran sunansa.

Mai gwajin wani Bature ne mai furfura a gemu, ba ya magana da yawa. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya zo baya, ya tsaya, ya ɗaga hanci. Ya ce yana jin warin mai. Ni na buɗe baki zan fara kame-kame, Baba ya riga ni. Ya gaya masa komai da Turancinsa na direban bas, da layin mai na Jos, da yadda ake kwana a mota, har ya sake kai hannu zai jijjiga ta ya nuna masa. Na taka masa ƙafa. Baturen ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya ce a hau da ita kan na'ura.

Aka ɗaga motar sama. Ya sa Baba ya zauna a ciki ya tayar da inji, shi kuma ya shiga ƙarƙashi da tocila da farin tishu. Ina tsaye bayan layin rawaya da ba a yarda in tsallaka ba. Na ga ya kai tishun kan waldata, ya bi ta daga farko har ƙarshe, ya fito da shi ya duba a haske. Ya bi facin. Ya ja tiyon mai ya karanta rubutun. Ya girgiza wayar da na ja zuwa shasi. Ya riƙe tishun a bakin hancin tanki, ya daɗe, ya daɗe. Ya fito ya dube ni.

"Kai ka mayar da wuyan nan?"

Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai, ya jefa tishun a kwandon shara, ya wuce kan birki.

Sauran gwajin ya ɗauki rabin yini. Fitilu, birki, ƙarar salansa, nauyi, madubi. Ya samu wani noti a ƙafar gaba da ba a rufe kansa ba, ya ce idan muna da hular roba mu sa yanzu. Ina da su cike da gwangwani. Da ya gama ya shiga ofis, ya fito da takarda ya miƙa wa Baba ya ce ta ci, kuma ba kasafai suke ci a zuwan farko ba. Baba ya karanta, ya ba ni na karanta, ya karɓe ya sake karantawa. Ya kira Mama, ya sa wayar a sifika.

"Saratu, ki goge number ɗin mutumin nan."

"Ta yi passing?"

"Ta yi."

Sai ta ce, "To ka tuƙa a hankali. Kuma ka ba Malam Sule abinci, na san ba ku ci komai ba."

Muka je Stratford Road muka ci gasasshen nama a tsaye, idonmu a kan motar, mutane sun kewaye ta. Daɗin da na ji ranar nan, ko ranar da aka yaye ni a Panteka ban ji irinsa ba.

Lambar ta iso a makon ƙarshe, bayan Baba ya kusa haddace takun mai kawo wasiƙa. Na hau Manchester ranar da za a mayar da makullan garejin, na ɗaura masa lambobin gaba da baya. Motar rusau tana fake a bakin layi, ma'aikata suna shan shayi suna jira. An ajiye babban kwandon shara na ƙarfe a tsakiya. Tsofaffin maƙwabtansa suna ta fito da kayansu, wannan da tsohon keken ɗinki, wancan da katakon da ya tara bai taɓa amfani da su ba, wani da babur da ya yi shekaru yana cewa zai gyara. Wasu 'ya'yansu sun zo da mota sun ɗebi kaɗan, sauran duk cikin kwandon suka tafi. 

Baba ya shiga jar motarsa ya murza makulli. Ya fito da ita a hankali, ya tsaya, ya sauko ya ja ƙofar kwanon ƙasa, ya miƙa wa shugaban ma'aikatan makullin. Mai babur ɗin, wani tsoho ɗan Ireland da suka yi shekaru ƙofa da ƙofa, ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo ya shafa bonet ɗin. Ya ce duk layin nan kowa ya ce wata rana zai gama nasa, amma Baba kaɗai ya gama.

Baba ya dube shi, ya dubi kwandon, ya zagaya ya buɗe masa bel ɗin kujerar gefe.

"Shiga," ya ce. "Ba na son in fita daga layin nan ni kaɗai."